Lahadi Shida a Cikin Fuskar Dodo

Pak Warsidi ya zo mana ran wata Lahadi da safe, da fartanyar soso ɗaure a bayan babur. Ina cikin rumfar dodanni ina kokawa da murfin durom sai na ji sallama. Na ɗago na ga wani gajeren dattijo mai furfura a gefen kai, ya tuɓe takalmi a bakin rumfar da ƙasanta taɓo ne zalla. Na ce ya mayar da takalminsa, nan ba masallaci ba ne. Ya yi dariya ya ce shi mutumin garin Solo ne, watansa huɗu da komawa Bekasi, a waya ya ga muna wasa a nan, shi ya sa ya tuƙo awa biyu ya zo a ɗauke shi.

Sunana Lastri, a kemis nake aiki, kuma a lokacin shekarata uku a ƙungiyar da muke kira Rundunar Tsaunin Toka. Duk Lahadi mukan taru a wata tsohuwar gonar roba a bayan Bogor, mu kusan arba'in, manya da hankalinmu, mu sa kayan mayaƙa da na bokaye mu yi ta jibgar juna da takubban soso. Babu 'yan kallo, babu rubutaccen labari. Kowa da mutumin da ya ƙirƙira, shi yake zama daga safe har la'asar. Wanda aka sara sau uku a jiki ya mutu: ya kwanta inda ya faɗi, ya ƙirga ɗari uku, ya ɗaura farin ƙyalle a ka ya koma rumfa. Har gobe ina son wasan nan. Mutanen ne suka fice mini a rai, kuma ta dalilin dattijon nan suka fice.

Sana'arsa ɗinkin kujeru da katifu. Shekara goma sha huɗu kafin zuwansa, wasu ɗaliban jami'a suka riƙa zuwa shagonsa a Solo suna tsintar ragowar soso. Da ya ga abin da suke naɗawa a bututun roba suna kira takobi, haushi ya kama shi, ya karɓa ya yi musu na kirki. Ya bi su daji don ya ga ko ɗinkin zai riƙe, daga nan bai sake fashin Lahadi ba. Bai taɓa sha'awar zama jarumi ba. Mutumin da ya ƙirƙira wa kansa wani tsoho ne mai haƙa kabari, Mbah Sentono, wato Kaka Sentono, mai ɗingishi da yawan mita. Duk wanda ya faɗi a fagen daga, nasu ne ko na abokan gaba, Mbah Sentono zai je kansa yana ƙunƙuni cewa matattun zamanin nan sun cika nauyi. Sai ya durƙusa ya raɗa masa a kunne ko lafiya yake, ya ɗura masa ruwa, ya ja shi inuwa, sannan ya wuce na gaba. Ya ce mini akwai waɗanda ya binne fiye da sau ɗari, daga baya ya je bikinsu, ya je sunan 'ya'yansu.

Da matarsa ta rasu, hawan jini ya fara taɓa shi, 'yarsa Ningrum ta nace sai ya dawo gidansu a Bekasi. Aka ba shi ɗaki a sama, mijinta ya samo masa aiki a wani shagon ɗinkin kujerar babur. Unguwar irin wadda kowa ke fita da asuba ya dawo bayan isha ce, ƙofa a kulle. Ran Lahadi Ningrum da mijinta sukan wuni gidan surukanta, shi kuma ya zauna da fanka. Abin da ya kawo shi wurinmu abu ɗaya ne: a bar Mbah Sentono ya ci gaba da rayuwa a cikin mutane.

Mai yanke wannan hukunci shi ne Bang Yopi. Kayan mota yake sayarwa a Jakarta, gonar kuma ta kawunsa ce, saboda haka shi ne shugaba, shi ne alƙali, shi ne Baƙin Damisa, jarumin da shekara bakwai bai taɓa mutuwa ba. Ba don ya iya faɗa ba. Sai ka sare shi sau takwas ya ce sulkensa na da kauri, bai ji ba. Ya karɓi fartanyar ya jujjuya ta, ya latsa soson da babban yatsa, na ga aikin ya burge shi amma ya maze.

"Pak, mu nan yaƙi muke yi, ba noma ba," in ji shi.

"Yaƙin ai shi ke kawo mini ciniki, Bang."

Aka yi dariya, ban da Bang Yopi. Ya karanto masa dokar gida: duk baƙo sai ya yi Lahadi shida a rumfar dodanni, jarumai suna kashe shi, kafin majalisa ta zauna ta duba mutumin da yake so ya zama. Babu ruwansu da shekarunsa na Solo. Pak Warsidi ya ce dokar ta yi daidai, ya jingine fartanyarsa a gindin bishiya, ya biyo ni.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cikin durom ɗin nan, tunda ni ce mai kula da shi kuma kunyarsa tawa ce. Fuskokin dodanni ne na roba guda goma sha biyu. Ana cire su da la'asar jiƙe sharkaf da gumi, a cusa su a rufe, su kwana bakwai a zafin rumfar kwano suna dahuwa. Ba a taɓa wanke su ba, domin Bang Yopi ya ce sabulu na ɗaye fenti. In ka buɗe murfin, wani tsami ne ke fara dukanka, kamar na tsumman goge kicin da aka manta a bokiti. Cikinsu santsi ne da baƙar funfuna, wurin baki kuma akwai busasshen yawun mutanen da tuni suka bar ƙungiyar. Na taɓa zazzage ƙwan kyankyaso daga kunnen ɗaya. Ni dai na koyi sa hula a ciki in shafa man zafi a ƙarƙashin hanci, har na wayi gari na daina jin komai. Sai da na ga fuskar dattijon nan lokacin da na miƙa masa tasa sannan warin ya dawo mini sabo.

Ya leƙa cikinta, ya tambaye ni cikin ladabi ko mai ita na baya yana da rai. Sannan ya yi bismilla ya zura kansa.

Haka ya yi Lahadi biyar. Dodo a wurinmu ba shi da suna, ba shi da magana, aikinsa ya yi gurnani ya rugo a kashe shi. Kowane dodo na rataye da 'yar jaka ta duwatsun gilashi, wanda ya kashe shi ya laluba gawar ya kwashe, da su ake ƙara girma a wasan. Saboda haka jarumanmu ba su ga mutum a cikin robar ba, jaka suke gani mai ƙafa. Sukan taka maka hannu garin lalube. Sukan yi gardama a kanka kana kwance, wa ya yi saran ƙarshe. Da azahar a tsaya sallah da cin abinci: su a inuwar babbar rumfa da shayi mai ƙanƙara, mu a bakin durom da shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba, wadda tempe ɗinta, wato wainar waken soya, ya fara yauƙi.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya zo da allura da zare ya ɗinke jakunkunan da suka yage. Ya tattara takubbanmu da suka lanƙwashe ya tafi da su gida, ya dawo da su tsaf. Jarumai suka farga, suka fara kawo masa nasu, ba mai cewa ko sannu, har Cik Melani, bokanyarmu mai ɗaukar bidiyo, ta kawo masa matashin kujerar ɗakinta. Har Lahadi ta huɗu tana kiransa Pak Wardi, bai gyara mata ba. Sau ɗaya kawai aka yi masa faɗa. Ya mutu kusa da wata yarinya sabuwar shiga da ta faɗi a rana tsaka, ya rarrafa ya tambaye ta ko lafiya, ya miƙa mata gorar ruwa. Bang Yopi ya tsayar da wasa ya ce gawa ba ta rarrafe, gawa ba ta shayar da gawa, yana ɓata wa mutane daɗin labari. Pak Warsidi ya ba da haƙuri ya koma ya kwanta.

Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya ci masa rai. Ya ce saura kaɗan, Mbak Lastri, ya ɗaga yatsu ya nuna mini Lahadin da suka rage.

Ta shida ta faɗo a tsakiyar rani, ranar ko ganye ba ya motsi. Bang Yopi ya shirya babban yaƙi, ya ce Pak Warsidi ne zai zama uban dodanni, wai karramawa ce ta ranar ƙarshe. Fuskar uban dodanni kan aladen daji ce, ta fi kowacce kauri, da wuyan gashi har kafaɗa, hancinta ƙofa biyu ƙanana kamar na allura. Na ce wa Pak Warsidi in bai so ba, ni zan karɓa. Ya ce roba ce kawai, ba naman ba ne. Tun safe aka kashe shi sau biyar, yana komawa rumfa ana sake turo shi. Da aka tsaya cin abinci na ga bai taɓa shinkafarsa ba, ya ce kansa ne ke ɗan sarawa. Ni mai aikin kemis, na san yana shan maganin hawan jini, abin da na yi shi ne na miƙa masa man zafi.

Bayan azahar aka yi karon ƙarshe a gangaren da babu inuwa. Ya rugo gaba, mu goma sha ɗaya muna bayansa. Bang Yopi ya sare shi ɗaya, biyu. Kafin na uku ya tsaya cak. Ya yi taga-taga, ya durƙusa, ya kai hannu biyu wuyansa yana yakushin gashin. Ya faɗi a gefe, ya yi ƙoƙarin tashi, ya sake faɗuwa, ƙafafunsa na shure ƙasa, wani irin gurnani na fita daga cikin robar wanda ban taɓa jin dodo ya yi ba.

Wuri ya kaure da tafi. Cik Melani ta tsugunna daf da shi da wayarta tana cewa ya ci gaba, ya ci gaba. Bang Yopi ya ɗora masa ƙafa a ƙirji ya yi jawabin nasara na kusan minti biyu, sannan ya sunkuya ya juya shi ya ciro jakar duwatsun. Yaƙi ya hau tudu, kowa ya bi.

Ni ce ta ƙarshe da ta wuce ta kansa. Na tsallake shi, na ce, "Pak, yau ka gama da su," na ruga tudu don a kashe ni a kan lokaci.

Ban san minti nawa aka yi ba, amma sun fi ashirin. Na mutu, na ƙirga ɗari ukuna, na ɗaura farin ƙyalle na koma rumfa, na sha ruwa, har na ci ayaba. Sai da na fara mayar da fuskoki durom na ga goma sha ɗaya ne. Na gangara na same shi yadda aka juya shi, jajayen tururuwa sun hau hannuwansa. Da na fizge kan aladen, amai ne ya biyo shi, ya cika masa gemu da kunne, fuskarsa ja kuma a bushe, ko ɗigon gumi babu. Na kira sunansa, idonsa ya motsa amma bai san ni ba.

Aka kwarara masa ruwa, aka ɗauke shi zuwa motar Bang Yopi, ita ce mafi kusa. Muna riƙe da mutum a hannu, mu huɗu, sai da muka jira Bang Yopi ya buɗe but ɗin motar ya ciro tamfol ya shimfiɗa a kujerar baya, ya gyara gefe da gefe. A ƙaramin asibitin da ke bakin titi aka sa masa ƙarin ruwa leda uku. Likitar ta ce zafi ne ya buge shi, da an ƙara kwatan awa ɗaya da wani zancen ake yi. Ta kalli kayan jikinmu, ni da wutsiyar roba a ƙugu, ta tambaya ko duk mu arba'in babu wanda ya ga mutum yana mutuwa. Wani daga baya ya ce ai gani muka yi ya iya.

Ningrum ta iso da magariba. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tambaye ni shekaruna, na faɗa, ta tambayi aikina, na faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa ta shige ɗakin ubanta.

Washegari bidiyon ya shiga guruf ɗin ƙungiya. Cik Melani ta sa masa kiɗa, ta rage gudun wurin da yake yakushin wuyansa. Kowa ya san abin da yake kallo, duk sun je asibitin ko sun ji labari, amma aka yi ta turo alamar dariya da ta wuta, ana cewa wannan ce mutuwar shekara. Wani ya ba da shawara a sa shi a tallan neman sababbin 'yan wasa. Na kalle shi sau ɗaya, na ga ƙafata tana tsallake shi a ƙarshen hoton, na kife wayar a kan kantar kemis.

Ran Laraba majalisa ta zauna a wani shagon taliya kusa da wurin Bang Yopi, mu bakwai. Na ce mutumin nan ya cika Lahadinsa shida har da ƙari, a ba shi mai haƙa kabarinsa, kuma abin da ya faru ya isa ya nuna muna bukatar mai duba wanda ya faɗi. Bang Yopi ya ce an riga an magance wannan, ya sayo usur, duk wanda ya ji ba daɗi ya busa. Na tambaye shi ta yaya mutum zai busa usur a cikin kan alade. Ya wuce maganar. Cik Melani ta ce tsoho yana yawo da fartanya a bayan jarumai zai ɓata hoto, kuma zai rage zafin faɗa. Wani ya ce in aka ba kowa ruwa a inuwa, mutuwa ta zama hutu, kowa zai so ya mutu. Aka ɗaga hannu, shida da ɗaya. Sannan Bang Yopi, yana tsotsar ƙashin kaza, ya kawo tasa shawarar: tunda babu wanda ya kai Pak Warsidi iya faɗuwa, a naɗa shi uban dodanni na dindindin, a ba shi rumfar gaba ɗaya, ga shi ya iya gyaran kaya.

Na ce rumfar ai tawa ce, amma ga ta nan, na bar musu ita da ƙungiyar duka. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Babu wanda ya ajiye cokalinsa.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Bekasi, ina ta shirya yadda zan faɗa masa. A raina na gama tsara komai: zai tofar da yawu, ni ma in tofar, mu zage su tare, in nemi gafararsa. Na same shi a shago, ya rame, bayan hannunsa da tabon allura da cizon tururuwa, yana jan baƙar leda a kan kujerar babur yana bugawa. Ya share mini benci, ya aika aka kawo shayi. Kafin in buɗe baki ya ce Bang Yopi ya kira shi tun ran Alhamis.

"To me ka ce masa, Pak?"

"Na ce na gode."

Na ɗauka gatse ne, na jira sauran. Babu saura. Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce mutanen nan sun taka ƙirjinsa yana shure-shure, sun sa wa abin kiɗa, ko sunansa ba su riƙe ba. Na ce Mbah Sentono fa, shekara goma sha huɗu, haka zai bar shi? Ya ce Mbah Sentono ya tsufa, kuma da ma mutumin Solo ne, bai saba da nan ba. Na ce akwai wasu ƙungiyoyin. Ya ce ya bincika, ɗaya a Bandung take, ɗayar yara ne 'yan makaranta, ba za su sake da shi ba. Na ce ai gara zaman gida da wannan wulaƙanci.

Ya ajiye abin bugun, ya goge hannu a cinyarsa.

"Mbak Lastri, ke in kin bar su kina da gidan yayarki, kina da ƙawayen aiki. Ni in na zauna ran Lahadi, daga asuba har magariba ba mai buɗe baki ya yi mini magana. Can kuwa, ko ba komai, mutum arba'in ne ke nemana su kashe."

Na ce Ningrum fa, ya ce ta ɗauke makullin babur, amma ya gano motar haya da ke kaiwa har bakin gonar, sauyi biyu ne kawai. Na ce ni ma na tsallake shi ranar, ya gani a bidiyon. Ya ce ya gani, kowa ya tsallake, ni kaɗai na dawo, in sha shayina kada ya huce.

Da na miƙe zan tafi ya biyo ni bakin titi, da allin da yake zana leda a hannu. Ya ce tunda yanzu shi zai riƙa buɗe rumfa, ƙarfe nawa ya kamata ya isa.

Na ce shida da rabi. Ya rubuta a bayan hannunsa.